Fiyano a Bayan Motar Yayana

Shekarun baya, lokacin da aka fara barin masu kiɗa su zauna su yi abinsu a gidajen shan gahawa a nan Riyadh, na taɓa samun saɓani da yayana a kan fiyano. Kwanaki wani a nan ya tambaye ni ko da gaske ne na taɓa yin kiɗa a gaban jama'a, ni da ya saba gani cikin farar rigar asibiti. Da gaske ne. Sau biyu na yi, kuma na farkon ne ya jawo rigimar.

A Jos aka haife ni. Mahaifinmu ya rasu ina firamare, yayana ne ya riƙe gidan, shi ya tsaya a kan karatuna har na gama. Muna da wani maƙwabci, dattijo ne Kirista, yana buga fiyano a wani otal a cikin gari. Akwai tsohon fiyano a falonsa da tarin kaset-kaset na jaz, kiɗan nan na baƙaƙen fatar Amurka. Tun ina leƙe ta taga har ya fara kirana ciki, ya riƙa ɗora mini yatsu a inda ya kamata. Bai koya mini karanta kiɗa a takarda ba, da kunne na koya. Yayana ya sani a lokacin, ya ɗauka wasan yara ne da zai wuce.

Shi ya riga ni zuwa Saudiyya da shekaru masu yawa. A-kori-kurar kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa ya zauna a ƙasar, yake ja, yana kwasar kayan masu tashi daga gida zuwa gida. A unguwar Manfuha yake zaune tare da wasu 'yan Najeriya, iyalinsa kuma suna Jos. Ni na zo ne da kwantiragin wani asibiti, a ɗakin gwajin jini, na kama gida a unguwar Ulaisha da matata da yaranmu biyu. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, a gidanmu yake cin abincin rana.

Da na ɗan zauna da gindina sai na je haraj, kasuwar gwanjon nan, na sayo fiyano mai aiki da lantarki, dogo mai nauyin tsiya, na kafa shi a falo. Da hedifon nake bugawa saboda maƙwabta. Matata takan ce ita dai iyakar abin da ta sani na kiɗan mijinta shi ne ƙwas-ƙwas ɗin yatsu da gyaɗa kai kamar ƙadangare. Yayana ya gan shi, ya kawar da kai. Tunda abin a cikin gida yake, bai ce uffan ba.

Ina kuma da wani aboki, ɗan Maroko ne, daga can arewacin ƙasar, inda ake hango Sifen a tsallaken ruwa in gari ya yi garau. A wajen ba da magani yake aiki a asibitinmu. Faratansa na fara lura da su. Wata rana muna alwala a masallacin asibiti na ga na hannun dama dogaye, an goge su sumul, na hagu kuwa an yanke su har nama. Na ce masa, "Ko mai yankan ya gaji ne a rabin hanya?" Ya yi dariya, ya ce jita yake bugawa, flamenko, kiɗan mutanen kudancin Sifen, kuma da farce ake jan tsirkiyar. Na ce ai ni ma ina taɓa fiyano. Da ɗan ji da kai na faɗa, gaskiya, don a raina na riga na yanke cewa in mun zauna ni zan riƙa jan sa.

Ranar hutunmu ya zo gidana da jitarsa. Matata ta shige ɗaki da yara, na zare hedifon na rage murya. Abin da aka yi a falon nan ranar ba za a kira shi kiɗa ba. Jaz ɗin da na sani a kan huɗu-huɗu yake tafiya, kuma daɗinsa shi ne ka ɗan ja baya, ka bar bugun ya wuce kaɗan sannan ka biyo shi a natse. Nasa kuwa zagaye ne na sha biyu, nauyin yana faɗowa a wuraren da kunnena bai taɓa tsammani ba, kuma ba a yi masa latti. Ina shiga sai ya tsaya. In sake shiga, ya sake tsayawa. Can sai ya jingine jitar ya fara tafa mini, yana ƙirgawa da ƙarfi kamar malamin aji ɗaya.

"Khoya," haka yake kirana, wato ɗan'uwana a Larabcinsu, "kai kullum a makare kake."

Na ce, "Ba makara ba ce, salo ne."

Ya ce, "A wajenmu sunanta makara."

Matata ta kawo shayi, ta tambaye ni da Hausa ko faɗa muke yi.

Mun daɗe a haka. Shi yana ganin ni malalaci ne, ni ina ganin shi soja ne. Shi ne dai daga baya ya kawo shawarar mu gwada tango. Ya ce, "Wannan ba naka ba ne, ba nawa ba ne, na mutanen Ajantina ne. Dukanmu baƙi ne a ciki, babu mai yi wa wani gadara." Da muka gwada sai na ga gaskiyarsa. Tango a kan huɗu yake, kunnena ya karɓa. Amma yana da kaifi da tsayawa cak kamar nasa, shi ma ya ji a gida yake.

A hankali muka haɗa wani abu namu na kanmu. Shi yake farawa shi kaɗai, a sanyaye, jitar kamar tana ƙorafi. Sai in shigo da hannun hagu, da nauyi, irin takun tango. A tsakiya mu juya zuwa salon mutanen Kyuba, wanda tun ranar farko ya tuna mini kiɗan da ake yi a bukukuwan maƙwabtanmu a Jos. A nan ne yake sakar mini hanya in yi yawona yadda nake so, shi yana riƙe da bugun. Daga nan mu dawo tango, mu haura da sauri, mu tsaya tare da bugu ɗaya. Wannan tsayawar ita ce ta fi ba mu wahala. Ba mu raɗa masa suna ba. Matata ce take ce masa "rigimar nan taku".

Karo na farko da muka yi a gaban mutane, a walimar ma'aikatan sashenmu ne, a wata istiraha, irin gidajen hutun nan da ake haya a bayan gari. Ba wani taro ba ne, abokan aiki ne da iyalansu, ana cin kabsa, shinkafar nan ta Larabawa, yara suna guje-guje. Muka yi, aka tafa, muka koma kan shinkafarmu. Ashe wani ya ɗauka a waya. Kafin mako ya zagayo, bidiyon ya shiga zauren WhatsApp na 'yan Najeriya mazauna Riyadh, wani ya rubuta a ƙasa, "Likita ya koma roƙo." Kun san mutanenmu, duk wanda ya sa farar riga likita ne.

Juma'ar da ta biyo baya yayana bai zo cin abinci ba. Bayan la'asar ya kira ni ya ce in same shi a Manfuha. Na tarar da shi a cikin motarsa, a gaban wata bakala, wato ƙaramin kanti, kusa da gidansu. Ya buɗe mini ƙofa na shiga. Muka gaisa, ya tambayi yara, sannan ya miƙo mini wayarsa.

"Kai ne wannan?"

"Ni ne, Yaya."

"A gaban maza da mata."

"Abokan aiki ne, Yaya. Walima ce kawai."

Ya karɓi wayar ya kife ta a cinyarsa. Ya ce, "Na ga abin nan a falonka na yi shiru, na ce kowa da abin da yake rage masa kewar gida. Amma ka fito da shi waje? Jiya a wajen mai shayi wani yake tambayata ko kana zuwa gidan biki, wai yana da 'yar da zai aurar. Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba."

Ya ci gaba:

"A danginmu babu makaɗi. Na tsaya ka yi karatu don ka zama mutum a idon jama'a, yanzu ɗan Maroko zai mai da kai maroƙi. Kuma ka san abin da malamai suka ce a kan wannan."

Na ce ai malamai sun yi saɓani a kan maganar.

Ya ce, "Malamin da nake bi bai yi saɓani da kansa ba. Ka ce mini ka daina, magana ta wuce."

Da na ce "to" da an tashi lafiya. In ci gaba da abina a ɓoye, shi ya ci gaba da zuwa cin tuwonsa. Na yi wannan tunanin a cikin motar nan. Amma mutumin nan shi ne ubana tun ina yaro, kuma ban saba yi masa ƙarya ba. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. In na ce na daina, ƙarya na yi maka."

Can ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Sauka, ina da kayan da zan ɗauka."

Daga ranar ya ɗauke ƙafa. In na kira shi zai ɗauka, ya amsa gaisuwa, ya ce yana kan hanya. Yara suna ta tambayar ina Baba babba. Matata ba ta daina sa hannunsa a tukunya ba, duk Juma'a sai an yi ragowa. Mahaifiyarmu ta kira daga Jos tana tambayar me ya haɗa mu, na ce babu komai. Ta ce shi ma haka ya ce mata, kuma dukanmu ba mu iya ɓoye abu ba.

Abin mamaki, kiɗan da na tsaya kai da fata a kansa sai ya fita daga raina. In na zauna gaban fiyanon sai in ji kamar an sa ni dole. Na fara ba abokina uzuri, yau dawam, wato lokacin aiki, ya yi tsawo, gobe yaro ba lafiya. Da ya matsa na gaya masa gaskiya. Ya ce, "Khoya, ɗan'uwa ya fi jita. In kana so mu bari, mu bari." Na ce a'a. Amma ban kira shi mun zauna ba. Watanni suka shuɗe, ba ni da yayan, ba ni da kiɗan.

Wata rana da azahar abokina ya same ni a wajen cin abinci na asibiti, ya zauna bai ɗauko komai ba. Ya ce ba za a sabunta kwantiraginsa ba. Za a buga masa khuruj niha'i, bizar fita ta dindindin, ƙarshen wata zai tattara iyalinsa su koma gida. Ya faɗa ne kamar yana ba ni labarin wani. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan da iƙama, takardar izinin zama, ya san wannan ranar tana nan tafe, sai dai ba ka san wa za ta fara ɗauka ba.

Sannan ya ce akwai wani gidan gahawa a arewacin gari da suke ba masu sha'awa dama su yi kiɗa ranar Juma'a tsakanin magariba da isha'i. Ba biya ake yi ba, dama ce kawai. Ya riga ya ba da sunanmu.

"Sau ɗaya, khoya, a gaban mutanen da ba su san mu ba, waɗanda ba za su tafa don kunya ba. Daga nan khalas, shi ke nan."

Na ce to tun kafin in yi tunani.

Muka koma atisaye kusan kullum bayan aiki. Sai ga wata matsala: gidan gahawar ba su da fiyano, sai mun kai namu. Motata ƙarama ce, ko na kwantar da kujeru ba zai shiga ba, balle ƙafafunsa da sifika. Na yi magana da wani mai a-kori-kura da na samu lambarsa a jikin bango, muka yi da shi zai zo ranar bayan la'asar.

Ranar ta zo, aka yi la'asar, mutum bai zo ba. Na kira, ya ce yana can garin Kharj da kayan wani, in sha Allahu gobe. Na kira wasu biyu, ɗaya bai ɗauka ba, ɗayan ya ce yau Juma'a ce ba ya fita. Abokina yana tsaye a falona cikin baƙar riga da ta sha guga, jita a hannu, yana ta ce mini babu damuwa, alhali fuskarsa duk damuwa ce. Ni kuma ina ta zagaye fiyanon ina auna shi da ido, kamar in na daɗe ina kallonsa zai rage tsawo.

Sai matata ta leƙo daga kicin ta ce, "Na kira Yaya. Yana hanya."

Na bi ta ciki. "Kin gaya masa abin da za a ɗauka?"

"Na gaya masa. Har inda za a kai na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce kada ku taɓa fiyanon sai ya zo."

Ba a jima ba ya ƙwanƙwasa. Yara suka ruga suka rungume ƙafafunsa, ya shafa kansu, ya gaisa da matata da fara'a yana ce mata ƙanwata. Ni kuwa gaisuwar da ta wajaba kawai na samu. Ya zo da tsofaffin barguna biyu da igiya. Ya naɗe fiyanon tsaf, ya kama gefe ɗaya ya nuna mini ɗayan da haɓa. Gidanmu babu lifta, hawa na uku muke. Muka sauko yana gaba yana cewa "a hankali, ɗaga, karkato," kalmomin da suka fi duk abin da ya faɗa mini a watannin nan yawa.

Mu uku muka matsu a gaban motar, ni a tsakiya, abokina a bakin ƙofa da jita tsakanin gwiwoyinsa. Muka hau babban titi muka nufi arewa. Can yayana ya ɗan leƙo ta gabana, ya ce da Larabci, "Kai ne ɗan Marokon?"

"Ni ne, ya Hajji."

Yayana ya dubi faratan nan, ya mai da ido kan titi. Na ce a raina yau za a yi ta. Amma sai ya ce, "An ce tafiya za ka yi."

Abokina ya ce haka ne. Yayana ya tambaye shi yara nawa, ya ce uku, babbar tana tsakiyar shekarar karatu. Ya tambaye shi ko akwai aikin da ke jiransa a can, ya ce babu tukuna. Yayana ya girgiza kai ya ce Allah yana nan. Daga nan hira ta ɓarke. Larabcin yayana na titi ne, ya fi nawa gudu nesa ba kusa ba, ya kuma kwashe kayan mutanen da aka yi wa khuruj ba adadi. Ya shiga gaya masa abin da ya kamata ya sayar a nan da abin da ya cancanci a tura ta kago, wato kamfanin dakon kaya, da yadda ake naɗe firji kada ya lotse. Ya ce in ranar ta zo kada ya nemi kowa, shi zai kwashe masa kayan. Ni ina tsakiyarsu kamar wani ƙunshin kayan, magana tana wucewa ta kaina.

Magariba ta same mu a hanya. Muka tsaya a masallacin wani gidan mai, muka yi salla a sahu ɗaya, fiyano yana jiranmu a waje cikin bargo.

Gidan gahawar ƙarami ne, teburan ba su da yawa. Yayana ya kama muka shigar da fiyanon, ya ajiye shi inda mai wurin ya nuna, bai dubi hagu ko dama ba. Mai wurin, wani saurayi ɗan ƙasa, ya ce a kawo masa gahawa. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce shukran. Ya naɗe bargunansa ya ce mini, "In kun gama ka kira ni." Ya fita.

Mutanen da ke wurin ba su cika ɗakin ba. Samari 'yan ƙasa, wasu mata a tebur ɗaya, ma'aikatan jinya 'yan Filifin da suka biyo mu daga asibiti duk da mun ce kada kowa ya zo, da wani Bature da bai ɗago daga kwamfutarsa ba. Injin gahawa yana ta huci a bayanmu. Abokina ya fara, kuma ban taɓa jin ya buga kamar ranar ba. Hirar teburan ta yi ƙasa da kanta. Na shigo da hannun hagu daidai, ba latti. Muka juya zuwa na Kyuba, ya sakar mini hanya.

A nan na yi abin kunya. Inda na zauna ina fuskantar ƙofa, kuma duk wanda ya turo ta sai na ɗaga kai. A raina ina ganin yayana zai shigo ya tsaya daga baya, ya harɗe hannu, ya ji abin da ƙaninsa yake yi. Wani mai farar jallabiya ya turo ƙofar, na ɗago, ba shi ba ne. Kafin in mai da hankalina na ɓace. Yatsuna suna tafiya amma ban san inda muke ba, ban san ko lokacin komawa tango ya yi ko da saura ba.

Abokina bai ko kalle ni ba. Ya daina jan tsirkiya, ya fara ƙwanƙwasa jikin jitar da yatsa, yana buga ƙafa a ƙasa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar dama haka aka tsara. Samarin nan suka ɗauka da tafi. Na saki hannun dama, na saurara, na ji inda bugu na ɗaya yake, na faɗa a kansa. Muka koma tango, muka haura, muka tsaya tare da bugu ɗaya. Aka tafa. Har Baturen ya ɗago.

Abokina ya sunkuyo ya ce mini a kunne, "Ka makara."

Na ce, "Salo ne."

Ya yi dariya har da hawaye, kuma na san ba duka na dariya ba ne.

Ban kira yayana a waya ba, na fita nemansa da ƙafa. Na tarar da motar can ƙarshen layi, nesa da wurin. Gilasai a rufe, ya kwantar da kujera, ya rufe ido, rediyo yana karatun Alƙur'ani. Ba wai ya tsaya a bakin ƙofa ya saurara a ɓoye ba, kamar yadda na so in ba ku labari. Bai ji ko ɗigo ba, kuma da gangan ya yi nisa don kada ya ji. Na ƙwanƙwasa gilas, ya buɗe ido ya ce, "An gama?" Na ce an gama. Bai tambayi yadda aka yi ba.

Muka yi isha'i a masallacin unguwar, muka sauke abokina a Suwaidi, muka dawo Ulaisha. Hawa da fiyanon ya fi saukowa wuya. A hawa na biyu muka jingine shi muna haki, shi da furfurarsa ni da tumbina. A nan ne ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ban canja magana ba fa."

"Na sani, Yaya."

"Abin nan ba na son sa. Gobe ma ba zan so shi ba."

"Na sani."

Ya goge fuska da hannun riga. "Amma ba za a ce ƙanina yana neman mai ɗaukar masa kaya a garin nan ina raye ba. Kama mu je."

Muka ƙarasa. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce da matata, "Ƙanwata, Juma'a a sa hannuna. Miyar kuka, a rage yaji."

Ƙarshen wata yayana ya cika alkawari. Shi ya kwashe kayan abokina zuwa wajen kago, shi ya kai su filin jirgi. Abokina yana ƙasarsu yanzu, ya samu aiki a wani kantin magani bayan ya sha zaman jira. Lokaci-lokaci yakan turo mini abin da ya buga, in ɗora nawa a kai in mayar masa. Ba daidai yake da zama a ɗaki ɗaya ba, amma muna yi. Ban sake yin kiɗa a gaban jama'a ba. Ba wanda ya hana ni, abokin yin ne babu.

Na daɗe ina ɗauka cewa in mutum yana ƙaunarka dole wata rana ya zo ya ga abin da kake gani, ya ce ashe kai ne da gaskiya. Wannan jiran ne ya sa na riƙa kallon ƙofa har na ɓace a tsakiyar kiɗa. Yanzu na daina jira. Yayana yana kan ra'ayinsa, kuma ba ra'ayin banza ba ne, a kan abin da ya yi imani da shi yake. Ni ma ina kan nawa. Ba mu sake tayar da maganar ba, kuma ba na jin akwai abin da ya rage ba a faɗa ba.

Har yau bai taɓa jin ina bugawa ba. Ranar Juma'a tun da safe nake zare wayar fiyanon, in lulluɓe shi da zani saboda shi. Yana shigowa zai zauna ya ci tuwonsa, ya yi wa yara faɗan karatu, ya ɗan kishingiɗa. In la'asar ta yi zai tashi alwala, sai ya cire hularsa ya duba inda zai ajiye. Kullum a kan fiyanon yake ɗora ta.